DOOM Eternal a PS4: daɗinsa da cikas ɗinsa

Wannan wasan harbin dodanni da kamfanin id Software suka fitar a 2020 bai san laɓewa ba. Harsashi kan ƙare da wuri, sai ka tsaga ƙaramin dodo da zarto mai inji ka samu wani harsashin. Ƙarin rai daga ƙarasa wanda ya jigata yake fitowa, sulke kuma daga babbaka dodanni da wuta. Nan gishirin wasan yake, ga hoto sumul, firam 60 a daƙiƙa.

Cikas ɗin a hannun wasa yake: lalubo makami a da'irar zaɓi na cin lokaci. Dodon da ake kira Marauder kuwa ɗan rainin hankali ne, garkuwarsa na tare harbi. Jira idonsa ya yi kore, sannan ka sakar masa Super Shotgun, bindiga mai baki biyu. Tsalle-tsallen bango kam, gajiyarwa ce kawai.