Naira 185,000 a kan murfin wili: ku yi hattara da mutumin nan

Tun ranar Asabar nake rubuta wannan magana ina gogewa, kunya ta hana ni sakinta. Jiya da daddare sai ga tallar mutumin da ya damfare ni ta sake fitowa a Facebook da sabon suna, hotunan nan dai su ne, ko tabarmar da ya jera kayan a kai bai canza ba. Na ce to, gara a yi mini dariya da in yi shiru ya ci na wani. Naira 185,000 ya ci mini. Dubu ɗari da tamanin da biyar, a wannan marra, a kan murfin wili.

Waɗanda suka san ni a Jos sun san akori-kurar marigayi mahaifinmu, Toyota Land Cruiser ƙirar 1978, wadda ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Bukuru da filayen kuza. Shekara biyu ke nan ina tayar da ita kaɗan-kaɗan. Inji ya tashi, silinda shida ras, an yi walda, an yi fenti. Abin da ya rage ƙafafun ne. Wilinta irin na da ne mai zobe, inci 16, duk tsatsa ta cinye, ga hob na baya, wato cibiyar da ake ɗaure wili a kai, ya turo waje tsirara da notinansa, giris ya kama ƙura ya yi baƙi ƙirin. Mota ta sha kwalliya amma ƙafa kamar ta wanda ya fito daga gona. Na so in samu murafunta na asali, masu ƙyalli, guda huɗu, kafin ɗaurin auren ƙanina, don Hajiyarmu ta ce tana so ta ga motar mijinta a cikin ayari. Na zaga Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota a Jos, shago-shago, babu. Na aika Panteka a Kaduna, babu. Japan ta daina ƙera wannan samfurin tun 1984, kowa sai ya ce mini sai dai a dace.

Kada wani ya zo yana ce mini ban yi bincike ba. Na yi. Ni ba yaro ba ne a harkar mota, shekara ashirin ina sayen kayan gyara, ba a taɓa sayar mini da jabu a matsayin ɗan Beljiyam na karɓa ba. Abin da ya kama ni daban ne, kuma shi ne yake hana ni barci.

Da na ga tallarsa ta murafun a Facebook na kira shi, bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ranka ya daɗe, kafin mu ɓata wa juna lokaci, noti shida ne ƙafarka ko?" Na ce shida. Ya ce, "To faɗin da'irar notunan milimita 139.7 ke nan. Kada wani ya haɗa ka da na sababbin nan masu noti biyar, ba za su hau ba." Sannan ya tambaye ni hob na gaba mai makullin nan da ake murɗawa a sa gaba ta ja, na kamfanin Aisin ne ko na Warn, don murfin gaba dole ya zama mai rami a tsakiya makullin ya leƙo. Ya ce in duba ko 'yan ƙarafan da ke riƙe murfi a jikin wili suna nan ko sun karye. Ya ce in sa awo in auna yadda hob na baya ya turo. Jama'a, na tsuguna a gareji da waya a kunne ina awo! Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne yake tambayar Aisin ko Warn? Ko a Dilimi mutum nawa ne za su yi maka wannan tambayar? Bakanikena yana tsaye yana ji, shi da bakinsa ya ce, "Oga, wannan ya san mota." Shi ya faɗa, ba ni ba. Yanzu kuma shi ne yake cewa wai dama jikinsa bai ba shi ba.

Kullum sai na dawo kan wannan tambayar. Aisin ko Warn. Da ya ce mini kuɗi kawai, da na kashe waya.

Na fara tura 120,000. A'a, kafin nan ma sai da muka yi kiran bidiyo, na manta. Ranar Talata ce, ko Laraba, bayan La'asar dai. Ya ɗaga murfi ɗaya ya juya shi gaba da baya, ya ƙwanƙwasa na ji ƙarar ƙarfe. Fuskarsa ce bai nuna sosai ba, wai kyamarar gaba ta fashe. Guda ɗaya ya nuna mini, sauran wai suna sito. Yanzu nake gane guda ɗayan nan shi ne jarinsa gaba ɗaya. Har katse ni ya yi ya ce an tayar da salla, zai kira in an idar, kuma ya kira. Ya ce shagonsa na Ladipo a Legas, amma shi ɗan Arewa ne, Hausarsa tsaf babu gargada. Da na ga sunan asusun ba nasa ba ne na yi magana, ya ce na maigidansa ne mai shagon. Na tura. 120,000, alat ya shiga, ya yi mini addu'a har da iyayena.

Bayan kwana biyu ya ce 40,000 na webil da kwali da katakon da za a kare kayan kada su lotse. Na san webil daga Legas bai kai haka ba, na sani, amma wanda ya riga ya zuba 120,000 yaya zai tsaya ja-in-ja a kan 40,000? Sai kuma 25,000, wai ya samo mini notuna masu ƙyalli guda 24, shida-shida, da ƙananan murafun da ke rufe kan aksul. Wannan ma ni na ce ina so. Ni na roƙe shi ya ajiye mini. 120, 40, 25. Ku tara ku gani.

Kwalin ya iso tasha a Titin Bauchi ranar Asabar. Da nauyinsa. Ban buɗe a can ba, don in burge, na ɗauko shi har gareji, na tara bakanike da yaransa da mai fenti, har ƙanina ango yana wurin. Aka yanka salatif. Murafun roba ne guda uku na ƙaramar mota, inci 14, ɗaya a fashe, sai rabin bulo a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ko huɗu bai cika ba! Wani yaron gareji ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Ƙanina ya ce, "Yaya, ko kuskure aka yi a wajen lodi?" Na kira lambar a gabansu, a kashe. WhatsApp ya toshe ni, ashe tun ranar Juma'a hotonsa ya ɓace ban lura ba. Direban da ya kawo kayan ya rantse wani yaro ne ya miƙa masa a bakin tasha, bai san kowa ba, kuma na yarda da shi.

Na je banki ranar Litinin na cike takarda, na kai rahoto wurin 'yan sanda. Wani abokina da ke Legas ya bi lambar shagon da ya ba ni, ya tarar da mai sayar da batir wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Hotunan hirarmu, rasit uku na tiransifa, muryoyin da ya aiko, hoton bulon, duk suna wayata, zan sa su da zarar wanda ke riƙe da ƙarar ya ce babu laifi. Ba ƙage nake yi ba.

Ku dai kada ku tura kuɗi sai naku ya je ya riƙe kayan a hannu. Sunan asusu ya saɓa, ku tsaya. A nuna muku huɗun tare.

Hajiya har yau ba ta sani ba. Uwargida ta sani, ba ta ce komai ba, shirun nan ya fi zagi ciwo. Na sa an kankare wilin an fesa musu farin fenti, hob ɗin an wanke da kananzir an shafa baƙi, haka motar za ta fita ranar ɗaurin aure. Mai fentin ya karɓi 15,000, yana aiki yana tambayata wai me zan yi da bulon. Naira 185,000. Kuma Aisin ne, na gaya wa ɗan damfarar Aisin ne, ya ce, "Madalla Alhaji, shi ne na asali."