GnuPG da ƙarin wa'adin mabuɗi: manhaja ce mai nagarta, amma ba ta tunatarwa

Ga masu aika takardun kuɗi a kulle tsakanin Legas da Kano, da masu gyaran kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja, GnuPG, manhajar kulle saƙo da sa masa hannu ta amfani da mabuɗan kwamfuta, abin dogaro ce. Kyauta ce, Werner Koch ne ya fara fitar da ita a Jamus a 1997, kuma masu Windows suna samunta cikin kunshin manhajoji mai suna Gpg4win. Inda muka gwada ta sosai shi ne wajen ƙara wa mabuɗi wa'adi, a nan ne kuma mutane suka fi tuntuɓe.

Ƙarewar wa'adi ba mutuwar mabuɗi ba ce. Tsofaffin saƙonni suna buɗuwa, zanen yatsan mabuɗin, wato lambar shaidarsa mai haruffa 40, ba ya canzawa. Sabon sa hannu kawai ake yi a kan ranar. Ana farawa da wannan umarni, inda 1y ke nufin shekara ɗaya:

gpg --quick-set-expire ZANEN-YATSA 1y

Sai dai wannan babban mabuɗi kaɗai ya taɓa. Ƙaramin mabuɗi mai alamar [E], wanda shi ne ake kulle maka saƙo da shi, yana nan da tsohuwar ranarsa. Kai kana ganin komai lafiya, abokin cinikinka kuwa manhajarsa na ce masa "Unusable public key", wato mabuɗinka ba ya amfanuwa. Dole a maimaita umarnin, a ƙara '*' a ƙarshe. A nan akwai tarkon da ya fi ba mu haushi: tauraron nan yana tsallake duk ƙaramin mabuɗin da wa'adinsa ya riga ya cika. Wanda ya makara sai ya shiga gpg --edit-key ZANEN-YATSA, ya rubuta key 1 ya ga tauraro ya fito gefen ssb (layin ƙaramin mabuɗi), sannan expire, 1y, save. In ya manta save, aikin banza ya yi.

Kafin komai a duba gpg -K, mai jero mabuɗan sirri. Idan aka ga sec# maimakon sec, babban mabuɗin sirri ba ya cikin wannan kwamfuta, kuma ba shi ba ƙari. Sai an ɗauko shi daga inda aka adana.

A duba agogo ma. Kwamfutocin tokumbo da yawa batirin agogonsu ya mutu, da an ɗauke wuta caji ya ƙare sai kwanan wata ya koma shekarun baya. GnuPG tana bin sa hannun da ya fi sabunta, don haka wanda aka yi da agogon da ya koma baya ba zai rinjayi tsohon ba. A gyara agogo tukuna.

Bayan ƙarin, mutane ba za su sani ba sai ka tura musu: gpg --armor --export, ko --send-keys zuwa rumbun mabuɗai na intanet keys.openpgp.org, su kuma su yi --refresh-keys. A GitHub, shafin masu rubuta manhaja, sai an goge tsohon kwafin mabuɗin an ɗora sabon.

Aibinta babba shi ne ba ta aiko maka da tunatarwa, saboda haka a sa ranar a kalandar waya, wata guda kafin cikar wa'adi. Shekara ɗaya ko biyu muke ba da shawara, ba 0 mai nufin har abada ba. Idan kuwa an sace babban mabuɗin tare da kalmar sirrinsa, wa'adi ba zai cece ka ba, domin ɓarawon ma yana iya ƙarawa. Maganin wannan takardar soke mabuɗi ce, tana cikin jakar openpgp-revocs.d, a kwafe ta a filasha a ajiye daban.