Safar gwiwa da na saya a Adum, ga yadda muka ƙare da ita

Ni aikin tayils nake yi, wuni nake a durƙushe kan siminti, to watan da ya wuce sai ƙoƙon gwiwata ta dama ya kumbura kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata, in ka taɓa lugub-lugub. Na shiga wani kemis a Adum cikin Kumasi, yarinyar shagon ta ce Baaba ga safar gwiwa, irin baƙar nan mai huda a tsakiya da maɗauri biyu, sidi 90, ban ko yi ciniki ba saboda zafi.

Gaskiya wajen tafiya ta yi ƙoƙari, hawa trotro, motar haya, da sauka daga bene duk na ji sauƙi, gwiwar ta daina rawa. Amma da zafin Kumasi kafin azahar zufa ta jiƙa ta, ga ƙaiƙayi, kuma in za ka yi zaman tahiya sai ta naɗe a bayan gwiwa tana cizo, dole na riƙa cire ta duk sallah. Maɗaurin ma sati 3 ya fara sakewa.

Kumburin kuwa ko gezau. Da na je asibiti likita ya ce wata 'yar jakar ruwa ce a gaban ƙoƙon gwiwa, yawan durƙuso ke sa ta kumbura, safar ma ƙara danne ta take yi. Ya ce wannan kumburin daban yake da ciwon guringuntsin bayan ƙoƙo, shi wannan in ya yi laushi ko ya cinye za ka ji zafi wajen hawa bene, tsuguno, ko in ka daɗe zaune a mota, wani lokaci har da ƙaras-ƙaras. Akwai kuma wanda guringuntsin tsakiyar gwiwa ke yagewa ƙafa ta riƙa ƙagewa, irin na 'yan bal. Na ce a yi min eksire mana, ya ce eksire ƙashi yake nunawa, guringuntsi sai hoton na'urar MRI, ni kuma bana buƙata. Abin da ya fi tambaya shi ne ko wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ko ina zazzaɓi, don in ƙwayar cuta ta shiga ba a jira.

Ƙanƙara minti 15 a tsumma, hutu, da katifar soso in zan durƙusa, su suka sauke kumburin. Safar na ba ta 3 cikin 5, yanzu tana hannun yayana a Aboabo, shi nasa ciwon irin na hawa bene ne kuma ya ce tana masa aiki.