Safar azurfa, bayan wata huɗu a ƙafata

Kunya ce ta sa na saye ta. Gadi nake yi, tun safe har magariba ƙafata na cikin rufaffen takalmi, ga zafin Yamai na watan Afrilu da ke haura digiri 40. In na tuɓe a ƙofar masallaci, sai in ga na kusa da ni yana ɗan matsawa. A Babbar Kasuwa mai shago ya miƙo mini ita, ya ce: "Malam, wannan ta nano ce, akwai azurfa a ciki." Ya yi suna jikka uku, muka daidaita a biyu da rabi.

Na juya ta gaba da baya, ban ga ƙyalli ba. Ni azurfar da na sani ta zoben maƙeran Buzaye ce. Ƙanena da ke Jami'ar Abdou Moumouni ya yi mini bayani: a kasa mita ɗaya gida biliyan, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000, ƙwayoyin azurfar kuwa ba su wuce 100 ba. Ya ce gumi shi kaɗai ba ya wari, ƙwayoyin cuta da ke cinsa ne ke kawo ɗoyi, azurfar kuma kashe su take yi.

Ta yi aiki, wannan ba musu. Wata biyu cur ina tsayawa a sahu hankali kwance. Ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje. Kauri dai ta yi, kuma ba ta hana gumi.

A wata na uku warin ya fara leƙowa, yanzu ba ta da maraba da safar gwanjo. Na koma wa ƙanena da ƙorafi, ya yi dariya: "Yaya, ai wanki ke fidda ita." Nan jikina ya yi sanyi, don mai wankina a bakin kogi yake yi, kusa da Gadar Kennedy, kuma azurfar da ta narke a ruwa guba ce ga kifi. Safa ɗaya ba za ta kashe ko tarwaɗa ba, na sani, amma kwalin bai ce uffan ba kan yawan azurfar ko wanki nawa take jurewa.

Ba zan ƙara saye ba. Da kuɗinta na samu na auduga huɗu, ina canzawa lokacin azahar.