Wata takwas a gidan haya a Marsalforn, tsibirin Gozo na ƙasar Malta

A farkon Oktoba na karɓi makullin gidan, ƙarshen Mayu na mayar. Haka masu gidaje da yawa suke yi a Marsalforn: su ba ka haya da rahusa lokacin sanyi, zafi na kawo kai su karɓi abinsu su zuba 'yan yawon buɗe ido. Ciki da falo ne a bene na biyu, taga na kallon teku. Aikina duk a kwamfuta yake, kuma tun 2021 ƙasar Malta ta fara ba irinmu takardar izinin zama, shi ya ja hankalina zuwa can.

Ta fannin aiki gidan bai ba ni kunya ba. Intanet bai taɓa yanke mini ana tsakiyar taro ba, soket ɗin bango mai baki uku ne irin namu na gida, cajata ta shiga ba wata dabara. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne agogo: daga ƙarshen Oktoba har ƙarshen Maris lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya, don haka bayan Isha'i nakan kira Inna mu yi hira ba tare da na tsaya lissafin awa ba.

Amma fa wannan gida don zafi aka gina shi. Da farin dutsen ƙasar aka yi bangon, dutsen kuma yana shan danshi kamar soso. Sanyin can bai kai na Jos cizo ba idan kana waje, a cikin ɗaki ne yake kama ka, ya shiga bargo, ya shiga ƙashi. Wata safiya a Janairu na buɗe kabad zan ɗauko babbar rigata, sai na tarar da takalmin fatar da na zo da shi daga Kano ya yi furfura da fumfuna, rigar kuma tana warin rijiya. Na kira mai gidan, wata dattijuwa mai kirki, na ce, "Sinjura (wato uwargida a harshensu), bangon nan yana gumi." Ta ce in riƙa buɗe taga. To ina buɗe taga ranar da iskar arewa maso gabas, wadda suke kira grigal, ta taso? Gaɓar Marsalforn tana fuskantarta kai tsaye, igiyar ruwa takan tsallake shinge ta zubo kan titi, gishiri ya rufe gilashi har ba ka ganin waje. Sai da na sayi na'urar tsotse danshi da kuɗina, kullum in zubar da ruwan da ta tara, sannan na samu sauƙi. Hita mai tukunyar gas ma ni na nema. Motar gas ɗin takan zagayo tana hon, dole ka sauko da gudu kafin ta wuce.

Abin da ya fi ɓata mini rai kuɗin wuta ne. A Malta farashin ya danganta da yawan mutanen da aka yi wa rajista a gidan. Ba a sa sunana ba, sai aka yi ta caje ni da farashi mai tsada har wata uku kafin wani maƙwabci ya fahimtar da ni. Dillalin da ya haɗa mu ya san wannan sarai, bai faɗa ba. Duk wanda zai kama haya a can ya tsaya a cike takardar wannan rajista kafin ya sa hannu.

Garin kansa kuwa ya shiga raina. Da la'asar nakan taka zuwa Xwejni, inda aka fafe duwatsun bakin teku gida-gida ana shanya ruwa ya zama gishiri. Harshensu ɗan'uwan Larabci ne, Kiristoci ne amma Alla suke cewa, azuminsu kuma Randan. Ranar da na fara jin haka a bakin wata tsohuwa a kanti, tsayawa na yi ina kallonta. Sai dai daga Disamba gidajen abinci da yawa suna rufewa, titi ya yi tsit, in ba ka da abokin magana kaɗaici zai dame ka. Naman halal sai na haye babban tsibirin ƙasar, wato Malta. Juma'a a babban masallacin Paola kuma tafiya ce ta yini: bas zuwa Victoria, babban garin Gozo, wata zuwa tashar Mgarr, jirgin ruwa minti 25, sannan wata doguwar tafiyar bas. Sau biyu a wata nake iyawa, kuma hakan ya yi mini ciwo.

Zan sake kama gidan, amma sai an rubuta na'urar danshi da rajistar wuta a cikin yarjejeniya. Na riga na faɗa wa Sinjura, ta ce za ta yi shawara da ɗanta kafin Satumba.