Which ko that: waƙafi ne ke raba gardama

Malama, kin ce an soke miki wannan jimla a gwajin shirin WAEC: "Abuja, that became the capital in 1991, is growing fast." Kina tambaya me ya sa, alhali an koya miki cewa which da that duk ɗaya ne. Wanda ya soke ta yana da gaskiya. Wanda ya koya miki ma bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa.

Ajiye kalmomin biyu tukuna, ki dubi waɗannan:

My wife who lives in Zaria is a nurse.

My wife, who lives in Zaria, is a nurse.

Kalmominsu ɗaya ne, amma mai jimlar farko ya tona wa kansa asiri: yana da mata fiye da ɗaya, shi ya sa ya ware ta Zariya daga cikinsu. Mai ta biyu matarsa ɗaya ce, zancen Zariya kuwa gyara ce ya ƙara mana, ko an cire shi mun san wadda ake nufi. Nan duk bambancin yake. Na farko bayanin tantancewa ne, ba a sa masa waƙafi. Na biyu ƙarin bayani ne, dole a killace shi da waƙafi gaba da baya.

To, that a gefen tantancewa kaɗai take aiki. "The phone that I bought yesterday is faulty" daidai ne, "the phone which I bought" ma daidai ne. Har ma ana iya jefar da su duka a ce "the phone I bought", tunda ni ne mai sayen, ita kuwa wayar sayenta aka yi. Da wayar ce mai aikin, kamar a "the phone that rang", ba a cirewa.

A gefen waƙafi kuwa babu wannan sassauci. Which ce ga abu, who ga mutum, kuma ba a jefar da su. Abuja ɗaya ce, ba ta buƙatar a tantance ta, don haka duk abin da ya biyo bayan sunanta ƙari ne: "Abuja, which became the capital in 1991, is growing fast." Haka nan idan jimlar gaba ɗaya ake yi wa sharhi: "He paid the debt, which surprised everyone." Ba bashin ne ya ba mutane mamaki ba, biyan ne.

Wani wurin da that ba ta shiga shi ne bayan in, on, with da ire-irensu. "The house in which I was born" ake cewa. A ɗaya ɓangaren, bayan all, everything ko the best, kunne ya fi sabawa da that.

Za ki ga kwamfuta tana ja wa which layi a jimlar da ba ta da waƙafi. Kada hankalinki ya tashi. Editocin Amurka ne suka riƙe ƙa'idar raba aikin biyu da ƙarfi, duk da cewa Baturen Ingila, H. W. Fowler, shi ya yayata ta a 1926. Turancin Ingila, wanda makarantunmu ke bi, ya yarda da duka biyun a wannan gefe.

Ni abin da na fi ji wa ɗalibanmu tsoro ma ba wannan ba ne. Mu da Hausa muna cewa "mutumin da na ba shi kuɗi", sai hannu ya rubuta "the man that I gave him money". Wannan him ɗin ba ta da gurbi, that ta riga ta tsaya a madadin mutumin. Abin da mai maki ke son gani shi ne "the man that I gave the money to", ko "the man to whom I gave the money".