Tsohon injin 911: a buɗe shi ko a ɗora na tokunbo?

Duk wanda ya sayi tsohuwar babbar mota Mercedes 911 ta sojoji, wata rana sai ya zaɓi ɗaya: ko a buɗe injin a gyara, ko a ɗora na tokunbo, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje. Tawa ta fara wahalar tashi da asuba, tana shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai.

Ɗora na tokunbo daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya fi sauri, kwana biyu mota ta koma hanya. Amma ba ka san cikinsa ba. Kukansa lafiya lau a ƙasa, sai an yi lodi ya fara zafi.

Gyara na cin lokaci, amma ni shi na fi yarda da shi. Injin motar, OM352, silinda shida ne, babu kwamfuta, komai ido na gani. Bakanikena ya fara da mai arha: ya canza filta, ya fitar da iska daga layin gas, ya kai nozul, masu fesa gas cikin injin, aka gwada. Biyu ɗiga suke yi maimakon feshi. Sai da ya cire murfin zuba mai, hayaƙi ya bugo masa tafin hannu, sannan ya ce, "Alhaji, ringin fistin ne, sai mun buɗe." Mako uku muka yi a gareji.